Ƙorafi Kan Allon da Ya Zame Layi Ɗaya a Masana'antar Sukari ta Tirtomanis

Daga:
Ninik Harjanti,
Jami'ar kula da kwamfutocin ɗakin sarrafa injina (wadda aka dakatar),
Masana'antar Sukari ta Tirtomanis, Jawa ta Gabas.

Zuwa ga:
Mai Girma Bapak Hartoyo Sasmito,
Shugaban Sashen Binciken Haɗurra a Wuraren Aiki,
Ofishin Ƙwadago na Lardi.

Laraba, 9 ga Agusta, 2023.

Game da: Rasuwar Pak Wagiran a bakin Injin na Uku, da dukan da aka yi wa Haji Kasmuri Prawoto, da shirin goge kwamfutar da ke ɗauke da shaida ranar Litinin, 14 ga Agusta.

Mai girma Bapak,

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni ce mai suna a sama, ma'aikaciyar wannan masana'anta tun watan Maris na 2004. Ni na gaji manhajar da ke tafiyar da allon ɗakin sarrafa injina daga hannun wanda ya rubuta ta, kuma shekara goma sha tara ke nan babu mai buɗe cikinta sai ni. Na rubuto ne saboda mutum ɗaya ya mutu, wani yana kwance a asibiti an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ana jiran ya miƙe a kai shi kotu kan laifin da ba nasa ba. Ina roƙon Bapak ya karanta wannan takarda yau. Dalilin gaggawar yana ƙarshenta.

1. Yadda allon yake aiki

Dole na fara da wannan, Bapak ya yi haƙuri, domin idan ba a gane shi ba sauran maganar za ta zama surutun mahaukaciya, kamar yadda aka riga aka kira ta.

Allon namu na rubutu ne zalla, layi ashirin da huɗu, kowane layi gida tamanin, kowane gida harafi ɗaya. Akwai 'yar alama mai ƙyaftawa da ke nuna inda harafi na gaba zai sauka, muna ce mata manuni. Manhajar tana aika wa allon wasu umarni da ido ba ya gani, waɗanda ke ɗauke manunin su ajiye shi inda ake so. Misali, ESC[9;60H na nufin a kai manuni layi na tara, gida na sittin.

Idan mai aiki ya shigar da sunansa a farkon aikinsa, manhajar tana zana sunayen injina sau ɗaya tak. Injin matse rake na Ɗaya a layi na bakwai, na Biyu a na takwas, na Uku a na tara, na Huɗu a na goma, haka har ƙasa. Sai ta rubuta sunan mai aikin a gidaje ashirin na ƙarshe na layi na ashirin da huɗu, wato kusurwar ƙasa ta hannun dama. Daga nan ba ta ƙara taɓa sunayen. Mai aiki yana saukar da manuni daidai sunan injin da yake so, ya danna kullewa ko tayarwa, ita kuma ta rubuta KULLE ko AIKI a gefen sunan. Manhajar ba ta karanta sunan, ba ta da ido. Lambar layi kawai take ƙirgawa. Abin da ke layi na tara a wurinta Injin na Uku ne, ko da me aka rubuta a wurin.

2. Canjin babbar manhaja, 10 ga Afrilu, 2023

Ranar Litinin, 10 ga Afrilu, kamfanin Cakra Layar Sentosa, wanda hukumar masana'anta ta ba kwangila, ya cire tsohon zubin babbar manhajar kwamfutar ya sa sabo. Ban ƙi canjin ba. Amma tun 3 ga Afrilu na rubuta wa shugaban masana'anta, Pak Suwignyo, takarda mai ɗauke da abubuwa goma sha ɗaya da tsohon zubi da sabo suka saɓa wajen fassara waɗancan umarni, na nemi mako biyu na gwaji. Kwafinta yana haɗe da wannan.

Abu na tara a cikinta shi ne gidan ƙarshe na allon. A tsohon zubi, idan harafi ya sauka a gida na tamanin na layin ƙarshe, manuni tsayawa yake yi ya jira. A sabon zubi, yadda suka saita shi, nan take yake neman sabon layi, kuma tunda babu layi a ƙasa, sai ya tura allon gaba ɗaya sama da layi ɗaya. Sunaye su hau sama, manhaja kuwa tana nan tana ƙirga tsofaffin layukanta.

Wakilin kamfanin ya karanta takardata a tsaye, yana shan kofi, ya ce mini, "Bu Ninik, wannan tsoron mutanen da ne, yanzu duk alluna uwarsu ɗaya ubansu ɗaya." Pak Suwignyo ya yi dariya. Gwajin da suka yi na minti arba'in ne, na duba agogo. Goma daga cikin abubuwan nan ni na zauna na gyara su da kaina cikin azumi. Na tara kuwa na bi jerin sunayen masu aiki ɗaya bayan ɗaya, na ga babu wanda ya cika gida ashirin, sai na bar shi zuwa bayan kakar niƙa. Wannan ganganci nawa ne, kuma na rubuta shi a nan da hannuna.

3. Janye kwaɗuna, 15 ga Mayu, 2023

Tun da na zo masana'antar nan, idan mutum zai shiga bakin inji, sai ya sauka ɗakin wuta ya kashe makunnin injin, ya maƙala kwaɗonsa, ya sa mabuɗin a aljihu. Ranar da aka buɗe niƙan bana, Pak Suwignyo ya fitar da sanarwa mai lamba 31 cewa wannan saukar tana cin minti goma sha biyu a kowace tsayawa, rake yana bushewa a motoci, saboda haka kullewar allo ta wadatar. Aka tattara kwaɗuna ashirin da shida aka zuba a durowar ofishinsa. Da kwaɗo ɗaya yana wurinsa ranar 3 ga Agusta, allon ya yi ƙaryar da zai yi, Pak Wagiran da ya koma gida ya ci abincinsa.

4. Sunan Haji Kasmuri, 31 ga Yuli, 2023

Pak Kasmuri Prawoto shekararsa talatin da ɗaya a ɗakin sarrafa injina, ba a taɓa rubuta masa takardar gargaɗi ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana jiran kujerar Makka. Ya tafi 3 ga Yuni, ya dawo 22 ga Yuli. Dukanmu mun je gidansa, matarsa Bu Sarmi ta ba mu dabino da zamzam a 'yan ƙananan kofuna, Pak Wagiran ma yana cikinmu, shi ya ɗora rumfar baƙi a ƙofar gidan.

Bapak ya san al'adarmu. Mutum ya dawo daga Makka, ba a ƙara kiransa da sunansa tsirara. Ranar Litinin, 31 ga Yuli, da ƙarfe biyu da minti biyar na rana, na buɗe jerin sunayen masu aiki na ƙara masa "Haji" a gaban sunansa, domin gobe idan ya zauna ya ga allon ma ya san ya dawo. Babu wanda ya sa ni. Shi kansa bai nema ba. Kasmuri Prawoto gida goma sha biyar ne. Da "Haji" da tazarar da ke bayansa, gida ashirin cif, harafin ƙarshe a kusurwar allo. Wallahi Bapak, abu na tara ko kusa bai zo mini a rai ba, ni da na rubuta shi.

Ya koma aiki ranar Talata, 1 ga Agusta. Daga wannan safiya, duk sanda ya shigar da sunansa allon yakan zame sama da layi ɗaya. Abin da ke ɓacewa a sama ɗan zanen ado ne kawai, kuma a lokacin niƙa kowane layi AIKI yake ɗauke da shi, don haka babu abin da ido zai kama.

5. Gargaɗin da na yi watsi da shi, 2 ga Agusta, 2023

Ranar Laraba da azahar Haji ya leƙo ofishina, wanda ke jikin ɗakin sarrafawa, gilashi ne kawai tsakaninmu. Ya ce ya so tsayar da famfon ruwan zafi, sai na ruwan sanyi ya tsaya. Bayan ya tashi aiki na je na shiga da sunana, gida goma sha huɗu, na gwada sau biyar, komai daidai. Da na gan shi yana ɗaure hularsa ta babur na ce masa, "Pak Haji, ko dai a Makka ka baro idanunka?" Ya yi dariya, ya ce wataƙila gajiyar hanya ce ba ta sake shi ba. Mutumin ya kawo mini laifin a tafin hannunsa, ni kuwa na mayar masa da zolaya.

6. Abin da ya faru ranar Alhamis, 3 ga Agusta, 2023

Da ƙarfe goma da minti talatin da ɗaya na safe wani guntun ƙarfe ya biyo rake ya maƙale a Injin na Uku. Aka tsayar da injinan duka biyar. Haji ya saukar da manuni daidai inda aka rubuta Injin na Uku, ya danna kullewa, allon ya rubuta KULLE a gefen sunan. Ya faɗa a lasifika sau biyu, yadda doka ta ce. A gaskiya Injin na Biyu manhajar ta kulle. Pak Wagiran, makaniki, mai 'ya'ya uku, ya hau ya kwanta rigingine... Bapak ya gafarce ni, rub da ciki ya kwanta, a kan bakin injin, ya zura hannunsa na dama da sandar ƙarfe tsakanin gumaguman ƙarfe masu haƙora da ke matse rake.

Da ƙarfe goma da minti arba'in shugaban masu aikin ƙasa ya nemi a tayar da na Huɗu domin ya fitar da tuƙar da ta rage a cikinsa. Haji ya sanar a lasifika cewa na Huɗu zai tashi, ya kai manuni inda aka rubuta Injin na Huɗu, ya danna. Wannan shi ne layi na tara. Ƙahon gargaɗi ya yi ƙara na daƙiƙa biyar. Pak Wagiran ya ji ƙahon, ya kuma ji an ce na Huɗu, don haka bai motsa ba.

Injin ya fara da sandar, sannan yatsun, sannan hannun. Abokin aikinsa ya riƙe shi ta ƙugu yana ja, bel ɗin wandonsa ya tsinke a hannunsa. Ina zaune a ofishina na ji ihun ya fi ƙarfin injin, wanda mu da kanmu sai mun yi tsawa muke jin juna a kusa da shi. Rajistar kwamfuta ta ce daƙiƙa tara aka yi kafin wani ya kai ga jan maɓallin gaggawa. A daƙiƙa tara injin ya kai kafaɗa ya fara cin haƙarƙari. Sai da aka kwance gungumen sama da sarƙa kafin a fito da shi, minti ashirin da biyar, kuma a goman farko yana da rai, yana kiran sunan matarsa. Ya cika a kan daɓen siminti, kansa a cinyar wanda ya riƙe shi. Jinin ya bi kwatar ruwan rake. Har yau ban ga takardar da ta ce an zubar da ruwan da ke cikin tankin da kwatar ke zubawa a lokacin ba, ina so a tambaya.

7. Dukan da aka yi wa Haji Kasmuri

Yayan mamacin, Pak Paidi, direban motar rake ne, yana cikin layi a harabar masana'anta lokacin da labari ya kai. Ya shiga ya ga abin da ya rage na ƙanensa. Ba zan zage shi a wannan takarda ba, na ga abin da ya gani. Amma dole na faɗi abin da ya biyo baya.

Mutane kamar goma sha biyar suka hau matakalar ƙarfe zuwa ɗakin sarrafawa, wasu da adda, wasu da sifana, ɗaya da sarƙa. Haji bai gudu ba, bai ma rufe ƙofa ba. Yana tsaye yana nuna allon da hannu biyu, yana cewa, "Ku dubi allo, don Allah ku dubi allo!" A wannan lokacin allon yana nan yana cewa na Uku KULLE, na Huɗu AIKI, na gani da idona ta gilashi. Babu wanda ya duba. Dukan farko na sifana a kan allon ya sauka, ya tarwatse. Na biyu a bakin Haji. Pak Paidi yana dukansa yana cewa, "Makkar da ka je ke nan? Ka dawo ka niƙa mini ƙane, tsohon banza?" Suka finciko shi ta ƙafa, kansa yana buga kowace matakala, ashirin da biyu ne, har ƙasa. A can suka yi masa dukan kawo wuƙa, da bayan adda, da takalmi, da sarƙa. Na shiga tsakani aka yi jifa da ni a jikin bango. Masu gadi huɗu suna tsaye sun harɗe hannu. Limamin masallacin masana'anta ne ya faɗa a kansa ya rufe shi da jikinsa, shi ma ya sha nasa kafin su janye.

Likita ya rubuta karayar muƙamuƙi a wuri biyu, haƙarƙari biyar, haƙora shida, idon hagu kuma ba a sa ran zai sake gani da shi. Ni na tsince haƙora uku a kan matakalar na kai wa Bu Sarmi a cikin takarda, ban san me ya sa na yi hakan ba.

Washegari da la'asar aka wanke daɓen da tiyo, aka kawo sabon allo, wani ya shiga da gajeren sunansa, aka ci gaba da niƙa. Pak Suwignyo ya buga rajistar kwamfuta ya miƙa wa 'yan sanda. Rajistar ta ce Kasmuri ya kulle na Biyu, Kasmuri ya tayar da na Uku. Ban ga laifin 'yan sanda ba, abin da aka ba su suka karanta. Rajista tana rubuta abin da manhaja ta yi, ba ta rubuta abin da allo ya nuna wa mutum.

8. Abin da na gano, 6 ga Agusta, 2023

Kwana uku ina juya maganar allon nan da Haji ya yi ta nunawa. Ranar Lahadi da safe na shiga ofishina, na kunna kwamfutar gwaji, wadda zubinta ɗaya da ta ɗakin sarrafawa. Na shiga da sunana, lafiya lau. Na shiga da sunan kowane mai aiki, lafiya lau. Na shiga da na Haji. Harafin ƙarshe yana sauka allon ya yi tsalle. Na kai manuni kan Injin na Huɗu na danna, na duba rajista, ta ce na Uku. Na maimaita sau goma sha biyu, sau goma sha biyu haka. Na ɗauki hoton bidiyo da wayata.

9. Abin da Pak Suwignyo ya yi, 7 ga Agusta, 2023

Ranar Litinin da ƙarfe biyu na rana na kira shi ofishina na nuna masa, a gaban wakilin Cakra Layar Sentosa. Ya gani sau biyu. Na ga fuskarsa, ya gane sarai. Ya ce, "Mbak Ninik, kwamfuta ba ta ƙarya, ga rajista a hannun hukuma, me kike so ki tono mana a tsakiyar kaka?" Na ce mutum nake so na tono, kafin a binne shi da rai. Na ambaci takardata ta 3 ga Afrilu, na ambaci sanarwa ta 31. A nan ne ya ɗauki farantin tokar sigari ya wurgo mini, ya fasa gilashin da ke bayana. Ya kira ni mahaukaciyar tsohuwa mai auren kwamfuta. Ya kira masu gadin nan huɗu da suka kasa ɗaga yatsa ranar Alhamis, sai ga shi yau suna da ƙarfi. Ɗaya ya murɗe mini hannu ta baya har kafaɗata ta yi ƙara, ɗaya ya ƙwace wayata ya taka ta da dunduniyar takalmi sau uku. Suka cire kwamfutar gwaji suka tafi da ita, ban san ina ba. Suka ja ni ta gaban layin direbobi har bakin ƙofa, ɗankwalina a hannun ɗayansu. Takardar dakatarwa ta biyo ni gida da yamma, an rubuta wai na tayar da hankalin ma'aikata.

Wata abokiyar aikina, wadda zan faɗa wa Bapak sunanta baki da baki kawai, ta sanar da ni abu biyu. Da ƙarfe uku da minti goma sha biyu na wannan rana an cire "Haji" daga jerin sunaye, da lambar shiga ta Pak Suwignyo. Sannan an ba Cakra Layar Sentosa izini ya goge kwamfutar ɗakin sarrafawa ya sake zuba komai sabo ranar Litinin, 14 ga Agusta, da ƙarfe takwas na safe, wai tsabtacewa. Wannan kwamfutar ita kaɗai ta rage. A cikinta ne aka rubuta ranar da na ƙara sunan, da ranar da ya cire shi, da saitin da ke tura allon.

10. Halin da ake ciki yau

Haji yana ɗaki na shida a ɓangaren maza na asibitin gunduma, da ɗan sanda ɗaya a ƙofa wanda aikinsa hana shi gudu ne. Ba ya iya magana, da bututu ake ba shi kunun shinkafa. Jiya na je, na ba shi biro, ya rubuta mini a bayan takardar magani, "Ko dai ni ne na yi kuskure?" Bapak, mutumin ya fara yarda da su. Na gaya masa komai, har da na 31 ga Yuli. Ya rufe idonsa mai gani.

An jefe gidansa sau biyu, Bu Sarmi ta koma wurin ƙanwarta. A kasuwa wasu na cewa masana'anta ce ta karɓi jininta saboda bana an yi rowar kan ɓaunar da aka saba binnewa a bikin buɗe niƙa, wasu na cewa Haji ya daɗe da ƙullin Wagiran. Duk shirme ne. Amma Pak Paidi ya rantse a gaban direbobi cewa ba zai jira kotu ba, yana jiran a shafa addu'ar kwana bakwai ne kawai, daga nan shi da mutanensa za su je su ƙarasa abin da liman ya hana su. Yau ce kwana bakwai. Bayan Magariba za a yi addu'ar.

Abin da nake roƙo

Bisa ga abin da na zayyana, ina roƙon Mai Girma Bapak, cikin ladabi, ya yi waɗannan.

Na farko, ya sanar da 'yan sanda yau, kafin Magariba, cewa ran Haji Kasmuri yana cikin haɗari, a ƙara masu tsaro ko a mayar da shi wani asibitin.

Na biyu, ya aiko jami'ansa su rufe kwamfutar ɗakin sarrafawa da hatimin ofis kafin safiyar 14 ga Agusta, a hana kowa taɓa ta, a kuma jingine tuhumar da ake wa Haji har a yi gwaji a gaban shaidu.

Na uku, a tsayar da niƙa a Tirtomanis sai an mayar da kwaɗuna ashirin da shida ɗakin wuta, a kuma binciki Pak Suwignyo kan sanarwa ta 31, kan cire sunan, da kan abin da masu gadinsa suka yi da abin da suka ƙi yi.

Na huɗu, Cakra Layar Sentosa ya zuba irin wannan zubi a wasu masana'antu biyu na masu masana'antarmu, kuma kwafin manhajarmu suke amfani da shi. Su ma alhazansu sun dawo a watan jiya, su ma akwai wata irina da za ta so ta girmama su. A buga musu waya yau a ce su ƙirga gidajen kowane suna.

Na biyar, a ɗauki bayanina a rubuce a matsayin wadda ke da hannu. Ba na neman a mayar da ni aiki.

Mai girma Bapak, na san ofis yana da hanyarsa, takarda tana kwana a kan teburi kafin ta kai hannu, kuma Magariba ba za ta jira ba. Saboda haka idan na ajiye wannan takarda a wurin sakatarenka zan hau mota na wuce gidan marigayi Pak Wagiran. Zan zauna cikin mata har a shafa addu'a. Sannan zan miƙe a gaban matarsa da 'ya'yansa da Pak Paidi na gaya musu cewa Haji ya kulle abin da allo ya nuna masa, ya tayar da abin da allo ya nuna masa, kuma ni ce na cika gidan ƙarshen da ya sa allon ya zame. Na ga abin da mutanen nan suka yi wa dattijon da suka sani shekara talatin, kuma tsoro nake ji sosai. Amma muddin suna tsaye suna saurarona, ko suna yin abin da za su yi da ni, ba sa kan hanyar asibiti.

A shafi na ƙarshe na rubuta matakan gwajin guda bakwai, da manyan haruffa, yadda wanda bai taɓa zama gaban allon ba zai iya bi. Idan jami'anka sun zo suka same ni, ni zan nuna musu. Idan ba su same ni ba, ina roƙon Bapak ya zauna da kansa, ya mayar wa Haji cikakken sunansa, ya zuba wa layi na tara ido.

Ina miƙa godiyata da girmamawata ga Bapak, tare da neman afuwa kan duk kalmar da ta fita daga ladabin ofis.

Taka mai biyayya,

Ninik Harjanti
Lambar ma'aikaciya 04-117

Abubuwan da aka haɗa: takardar 3 ga Afrilu, sanarwa ta 31, rahoton likita, takardar dakatarwa, matakan gwaji.